Na Kira Baffana Baƙo Saboda Tsofaffin Mujallu

A lokacin da abin nan ya faru ni malamin jami'a ne a Birmingham, mai mata da 'ya'ya biyu, da sabon digirin dakta wanda nake so kowa ya san da zamansa. Na zo Ingila da tallafin karatu, na yi shekara huɗu a Manchester ina nazarin zanen gine-gine, musamman adon da maginanmu ke yi a bangon gidajen ƙasa. Ina sallah a kan lokaci, ba na shaye-shaye, ban taɓa bin matan banza ba. In 'yan uwa sun zauna suna lissafa waɗanda Turai ta lalata, ba mai kawo sunana, ni ma ban taɓa tunanin ina cikinsu ba. Edita, ina roƙon ka sakaya sunana, ko da yake na san mutanen gidanmu za su gane ni kafin su kai rabin shafi. Na daɗe da wannan magana a ciki ta ƙi narkewa, shi ya sa na rubuto, ko wani zai tsira daga abin da ni ban tsira ba.

Abin ya faro tun ina ɗalibi, ina zaune a wani ƙaramin ɗakin haya a Cheetham Hill. Akwai wani sito a bayan layinmu inda ake jibge kayan gidajen tsofaffin da suka mutu ba mai ɗauka. Tebur na je nema, sai na dawo da kwali guda na tsofaffin fitowar wata mujalla ta kayan tarihi da kayan ƙawa na mutanen da, wadda ke fitowa wata-wata tun kafin a haife ni. Hotunan agoguna ne a ciki, da kujeru, da tangaran, da dardumai, da fitilun gilas, kowanne da bayanin wanda ya yi shi da gidan da ya zauna. A wata fitowa na ci karo da hoton babbar riga ta ƙasarmu mai aska takwas, an ba ta shafi guda cur. Rigar da a gida za a bar wa gara a ƙasan akwati, ga ta Bature ya ɗauki hotonta yana yi mata sharhi. Daga ranar na ce don bincikena nake tara su, kuma da wannan ƙaryar na yi ta rufe wa kaina baki shekara da shekaru. Gaskiyar magana ba karanta su nake yi ba, lambobin nake bi. In ina da fitowar wata na uku da ta wata na biyar, to ta huɗun ta hana ni sukuni ke nan har sai na samo ta.

A wajen neman wata fitowa na haɗu da wani dattijon Bature mai shagon tsofaffin littattafai a Manchester. Shi ya ja ni cikin wani zama da suke yi a saman shagonsa Asabar ɗin farko ta kowane wata. Su bakwai ne ko takwas, duk masu furfura, kowa da mujallar da ya mace a kanta. Shayi ake sha, ana buɗe shafi da bakin yatsa, ana hirar wanda tarinsa ya cika da wanda ke da giɓi. Ni kaɗai ne baƙar fata, ni ne kuma ƙaraminsu. Ba su taɓa wulaƙanta ni ba, wannan hakkinsu ne in faɗa. Amma shekara uku ina zuwa, biyu daga cikinsu ba su daina tambayata labarin Ghana ba, kuma ba wanda ya taɓa faɗin sunana daidai. Duk da haka yabonsu nake nema ido rufe. A wurinsu na koyi cewa mujallar da aka cire wa shafi ɗaya ta mutu, ko da sauran shafukan sababbi ne fil. Na haddace wannan fiye da yadda na haddace abubuwa da yawa da suka fi shi amfani.

Da na samu aiki muka koma Birmingham, muka kama gida a Handsworth, irin dogayen gidajen nan masu manne da juna. Mujallu suka biyo mu cikin kwalaye har direban motar kaya yana mita. Maiɗakina ta ce ba za su zauna mata a falo ba, ƙurar tsohuwar takarda tana sa 'yarmu tari, likita ma ya faɗa. Sai na kwashe su zuwa ƙaramin ɗakin sama, na jera su a ƙasa jikin bango, kowace a cikin ledarta, tari-tari har wani ya kai gwiwa. Kullum ina cewa zan sayo kantar jera su, kullum kuɗin kantar na tafiya wajen wata fitowar. Duk wata kuma ina kan jirgin ƙasa zuwa Manchester. Burina guda ne, in haɗa fitowar shekara talatin a jere ba giɓi, abin da ko a cikin dattijan nan mutum ɗaya ne ya taɓa yi. Lokacin da Baffa ya zo, fitowa ɗaya tak ta rage mini.

Baffa ƙanin mahaifina ne. Ina shekara shida mahaifina ya rasu, shi ya ɗauke ni, kuma ban taɓa jin ya ce da wani ga ɗan wana ba, ɗana yake cewa. Tela ne, da kekensa a zauren gidanmu na cikin birnin Zariya, da shi ya ciyar da mu ya tura ni makaranta. Shi bai yi boko ba ko na rana ɗaya, amma Alƙur'ani yana kansa, wasiƙa kuma da ajami yake rubutawa. Da tsufa ya zo, yanar ido ta rufe masa gani, ya ajiye keke, ya ajiye karatu a takarda, ya koma dogaro da hadda. Na nema masa bizar wata shida na kawo shi a yi masa aiki. Ba zan ɓoye ba, har da alfahari a ciki, don ba wanda ban gaya wa ba cewa na kawo tsohona aikin ido. Ba mu da wani ɗaki sai na mujallun, sai na matsa su na cusa gado. Tari ɗaya ya zo daidai ƙafar gadon, wani kuma daidai gefensa, a kansa yake zama da safe in zai sa safa, don a zatonsa kujera ce.

Aiki ya yi kyau. Ranar da aka cire masa bandeji ya kama fuskokin jikokinsa ɗaya bayan ɗaya yana hawaye, sannan ya ce a miƙo masa Alƙur'ani. Bayan haka sai zaman kaɗaici. Ni ina jami'a, maiɗakina tana wajen aiki har azahar, yara suna makaranta, in sun dawo ma Turancinsu ko ni sai na kasa kunne. Ran Juma'a nakan ɗauke shi a bas mu je masallaci a Lozells. Mai ɗebe masa kewa na gaskiya shi ne maƙwabcinmu, wani Kirista mutumin kudancin Kaduna, direban bas, wanda in ya tashi aiki yakan shigo da gyaɗa a leda su zauna suna hirar gida da Hausa, yana kiransa Baba. Sauran lokaci Baffa yana ɗaki shi kaɗai da sabon ido da ba shi da abin kallo. Ba mamaki da ya miƙa hannu ya zaro mujalla.

Wata safiya ina ɗaura takalmi ya sauko ya tsaya a kaina. Ya ce akwai ayoyin Allah a cikin littattafan nan nawa. Ya ga fitilar masallaci da aya zagaye da ita, ya ga shafin Alƙur'ani rubutun hannu, ya ga tasa da sunayen Allah a bakinta, kuma shi wata guda ke nan yana zama a kansu yana miƙe musu ƙafa bai sani ba. Ya roƙe ni in ɗaga su sama. Maimakon in ce to in yi, sai na gyara murya na yi masa bayani irin na aji, cewa ai hoto ne kawai, ba Alƙur'anin ba ne. Ya ce shi dai ya karanta rubutun da idonsa, kuma abin da ya karantu aya ce. Na ce zan sayo kanta ƙarshen mako. Ƙarshen makon ya same ni a wata kasuwar tsofaffin kaya ina neman fitowar da ta rage. Bayan mako biyu ya sake magana, a hankali, kamar mai roƙon alfarma, na sake cewa to. Maiɗakina ta gaya mini cewa tsohon nan a takure yake kwana, ƙafa a naɗe, don duk inda ya miƙe ta akwai tari a gabanta. Na yi dariya na ce tsufa ne. Daga nan bai ƙara tayar da zancen ba, ni kuwa na ɗauka ya haƙura.

Ana nan sai fitowar ƙarshen nan ta faɗo hannuna. Na buga wa dattijon Manchester waya ina haki, ya ce lallai in zo da wasu a zama mai zuwa a taya ni murna. Na zaɓi na shekara biyu mafiya kyau, guda ashirin da huɗu, na jera a akwati mai taya. Ban buɗe ko ɗaya ba, don kowace tana cikin ledarta a inda na bar ta. Ranar na sa kwat ɗina mafi tsada. Dattijon ya yi ɗan jawabi a kaina, aka tafa, kaina ya kumbura. Sai ya ce a ba shi wata fitowa da ta shahara a wurinsu saboda hotunan fitilun masallatai. Ya zaro ta, ya buɗe tsakiya, ya tsaya. Shafi huɗu babu, an yanke su tun daga gindi, yanka miƙaƙƙe ba ko gargada. Ya ɗauki wata, haka. Cikin ashirin da huɗun, tara an taɓa su. Wani ya ce a hankali wataƙila wanda ya sayar mini ne ya cuce ni, wani kuma don ya rage nauyin wurin ya ce ɓerayen Birmingham da rula suke yawo, aka ɗan yi dariya. Na ce e, mai sayarwa ne. Amma tun shafin farko na gane hannun. Na girma ina kallon yankan nan a kan shadda.

Daga Manchester zuwa Birmingham tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce a jirgi. Lokaci ne da ya isa mutum ya huce, ya tuna wane ne wane. Ni kuwa a wasa kalmomi na ƙarar da shi. Na iso bayan la'asar, na tarar da Baffa da maƙwabcinmu a falo, maiɗakina tana zuba musu shayi. Ban yi sallama ba. Na buɗe akwatin a tsakar falo na tambayi wanda ya taɓa mini kaya. Abin da har yau ke ci mini rai shi ne, fuskar Baffa washewa ta yi. Ya tashi da hanzarinsa ya hau sama, ya sauko da wani ƙunshi naɗe cikin farin rawaninsa yana ƙamshin turare. Ya ce ya ga aiki ya yi mini yawa, littattafan kuma sun fi ƙarfin saman kabad, shi ne ya ga gara ya ɗauke mini nauyin. Mako biyar ya yi, kullum da safe da alwalarsa, yana bin su shafi-shafi da rezar da yake gyara gemu, yana cire masu aya kawai ya mayar da sauran yadda ya same su. Ya ce a gida da ƙonawa ake yi, amma da yake kayana ne bai ƙona ko ɗaya ba, ga su nan cif. Ya miƙo mini da hannu biyu yana jiran in ce Allah ya saka da alheri.

Ban karɓa ba. Na buɗe baki da Turanci, don fushina a lokacin da Turanci yake zuwa. Na ce ya rusa mini aikin shekara bakwai, ya sa na ji kunya a gaban mutanen da suka san darajar abu, na ce nan ba Zariya ba ce. Na rufe da cewa shi baƙo ne a gidan nan, baƙo kuma ba ya taɓa kayan masu gida. Baffa bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya juya wajen maƙwabcinmu ya tambaye shi me yaron ke cewa. Mutumin nan ya sunkuyar da kai ya ce ba komai Baba, gajiyar hanya ce. Allah ya ba ni ƙofa a buɗe, bawan Allah ya rufa mini asiri, maiɗakina tana girgiza mini kai daga bakin kicin. Da na yi shiru a nan, da yau ba ni da labarin da zan rubuto. Amma sai na ji haushin cewa maganata ta faɗi a banza. Ni da bakina na fassara masa da Hausa, dalla-dalla, har da kalmar baƙo, kuma na maimaita ta.

Ya daɗe yana kallona da idon nan da nake ta alfaharin na buɗe masa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce gaskiya na faɗa, ya yi kuskure, in yi haƙuri. Ya miƙa wa maiɗakina ƙunshin ya ce alfarma ɗaya yake nema, kada a ajiye shi a ƙasa. Sannan ya hau sama yana dafa bango. Maƙwabcinmu ya tashi bai shanye shayinsa ba. A bakin ƙofa ya ce mini shekararsa ashirin a ƙasar nan, ya ɗauki mashaya da mahaukata a bas ɗinsa, amma bai taɓa jin abin da ya ji yau ba, kuma a garinsu wanda ya faɗa wa ƙanin ubansa haka sai dattawa sun zauna a kansa. Bai sake taka gidana ba. In mun haɗu a layi yakan ɗaga mini hannu kawai.

Saura mako bakwai bizar Baffa ta ƙare, amma washegari ya ce a nema masa jirgi, wai damina ta kusa. Kwana takwas ya ƙara, kuma kwanakin nan ba na fatan maƙiyina ya gan su a gidansa. Ba fushi ya yi ba, da fushin ne da sauƙi. Izini ya koma nema. Kafin ya buɗe firiji sai ya tambaya, kafin ya kunna hitar ɗumama ɗaki sai ya tambaya, a falo a bakin kujera yake zama. In an kawo abinci sai ya yi ta godiya har maiɗakina ta koma kicin tana share ido. Ta roƙe ni in je in durƙusa, na ce ai ni aka yi wa ɓarna, kuma shi ma ya amsa laifinsa. A filin jirgi na ce Allah ya kiyaye hanya, ya ce amin, ya gode da ɗawainiya. Na dawo ina gaya wa kaina cewa tsakanin ɗa da uba ba a riƙo, kwana biyu zai manta.

Mako uku da tafiyarsa aka kawo mini kwali daga Manchester. Dattijon nan ne ya aiko da madadin kusan duk waɗanda aka gani a yanke, kyauta, da 'yar takarda cewa kada in damu, irin waɗannan fitowar suna nan jibge a ƙasan shagonsa ba mai tambaya, in faɗi sauran da nake buƙata. Na zauna a kan matakala da takardar a hannu. Abin da na kira aikin shekara bakwai, ashe abu ne da mutum zai cika a kwali ya aiko ba tare da ya ji ya rasa komai ba. Ban amsa masa ba, ban kuma sake zuwa zamansu ba. Ba wanda ya neme ni daga cikinsu, ina jin har yau suna cewa ɗan Ghanan nan ya ɓata.

Shekara ta zagayo na je gida da tsaraba niƙi-niƙi, a zatona ita za ta yi mini magana. A da, duk dakta ɗin nan nawa, in na sauka kai tsaye nake faɗawa cikin gida, kwano ɗaya muke ci da Baffa, kafin in huta ya aike ni sayen goro, ya yi mini faɗan yawo ba hula. Wannan karon a zaure aka tare ni. An shimfiɗa sabuwar darduma, aka kawo ruwa a kofin gilas da ba a fitowa da shi sai an yi manyan baƙi. Baffa ya fito da babbar riga, ya yi mini sannu da zuwa, ya tambayi iyali da mutanen Ingila. An yanka mini kaza. Aka kawo abincina daban a tire, shi ya ci nasa a ciki. Kwana goma na yi bai aike ni ko ɗauko buta ba. Da gangan na fita ba hula, ya gan ni, bai ce uffan ba. Ba wanda ya ɓata mini, kowa sai haba-haba yake yi da ni, kuma ban taɓa sanin karramawa tana iya zama duka ba sai a wannan zuwan.

Ana gobe zan tafi na same shi shi kaɗai bayan hantsi, na durƙusa, na kama ƙafarsa, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Na ce ya yafe mini. Ya ɗaga ni ya ce ya yafe duniya da lahira, tun kafin jirginsa ya tashi ya yafe. Ya ce kuma ban faɗi ƙarya ba, gidan can nawa ne, shi da takardar wata shida ya shiga, wanda ya taɓa kayan mutane ba izini shi ne mai neman gafara, don haka ni ma in yafe masa. Na ce Baffa ni ɗanka ne. Ya ce Allah ya yi albarka. Na yi ta jiran ya ƙara wani abu, bai ƙara ba. Na tabbata da gaske ya yafe, don shi ba mai faɗin abin da ba ya zuciyarsa ba ne. Yafiya na samu, matsayina ne bai dawo ba.

Bayan haka na je sau biyu, ba abin da ya canja. Da aka tashi aurar da autarsa, wadda na goya a bayana, ba a yi shawara da ni ba, katin gayyata aka turo mini ta waya kamar yadda aka tura wa abokan arziki. Da ciwo ya kama shi ya hana a gaya mini, ya ce kada a ɗaga wa mutane hankali suna da hidimominsu. A zuwana na ƙarshe, ranar komawa, ya ɗauki sandarsa ya ce zai taka mini. Na ce ya zauna, ya ƙi. Ya rako ni har bakin lungu yana tsayawa yana hutawa, ya ba ni hannu, ya gode mini da ziyara, ya ce Allah ya ba da ladan zumunci. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san uba ba ya yi wa ɗansa rakiya. Bayan wata huɗu aka bugo mini waya ina tsakiyar aji, kafin in samu jirgi an yi kwana biyu da binne shi.

Mujallun suna nan a gidana, na sayi kantar daga baya, lokacin da ba ta da sauran amfani ga kowa. Ba na buɗe su, na kuma kasa zubar da su. Wani lokaci nakan ji haushin dattijan Manchester, wani lokaci haushin ƙasar nan da ke koya wa mutum cewa wannan nawa ne, wancan naka ne, har tsakaninsa da wanda ya yi masa tsarki yana yaro. Amma in na natsu na san ba su suka fassara maganar nan ba. Abin da na koya mai ɗaci ne, kuma a makare na koye shi: ba sai mutum ya sha giya ko ya bar sallah Turai ke cinye shi ba. Ni ta hanyar abin sha'awa mai tsabta ta shigo mini, abin da ba malamin da zai hau mumbari ya hana, har ta kai ni ina auna tsohona da ma'aunin mutanen da ba su san sunana ba.

Don haka ina jan kunnen 'yan uwana da ke nan, masu kawo iyaye jinya ko ganin jikoki. Takardar da suka shigo da ita ta riga ta kira su baƙi, kada bakinku ya taya ta. In tsoho ya roƙe ku abu sau biyu, ku ajiye abin da kuke yi ku yi masa, ko da a iliminku ba shi da ma'ana, don ba zai roƙa na uku ba, zai yi da hannunsa ne yadda ya iya. In kuma fushi ya zo muku da Turanci, ku gode wa Allah ku bar shi a Turancin. Kowane irin tari kuke yi, na littafi ne ko na agogo ko na takardun yabo, akwai inda ake samun madadinsa. Ni na samu madadin mujalluna cikin mako uku. Ƙannena kuwa, 'ya'yan Baffa, sun ga yadda mahaifinsu ke karɓata, sun ɗauka haka ake yi mini. Yau in na je Zariya, gidan da aka yanke mini cibiya, a zaure nake tsayawa in yi sallama, in jira a ce in shigo.